Taƙaitawa kan auna bayanin kayan aiki ga wakilan basirar na'ura

An yi muhawara kan yadda za a auna ingancin bayanin da ake rubutawa game da kayan aiki, wato ƙananan manhajojin da wakilin basirar na'ura (manhajar da ke aiwatar da ayyuka da kanta) ke kira don ya yi aiki. Ga abin da aka fi yarda da shi a muhawarar, da kuma inda ra'ayoyi suka rabu.

1. Kusan kowa ya amince cewa wakilin ba ya ganin ainihin lambobin da aka rubuta manhajar kayan aikin da su. Abin da yake karantawa shi ne sunan kayan aikin, da bayaninsa, da jerin bayanan da ake shigarwa a tsarin JSON (wani salon rubuta bayanai da na'ura ke karantawa), kamar yadda ƙa'idar MCP, wato ƙa'idar haɗa wakilai da kayan aiki, da kamfanin Anthropic ya fitar a Nuwamba 2024 ta tanada. Don haka bayani mai rauni kan sa ya zaɓi kayan da bai dace ba.

2. An yarda cewa karanta bayanin da ido bai isa ba. Hanyar da aka fi ambata ita ce a ba wakilin ayyuka na gaske masu matakai da yawa, sannan a duba ko ya kira kayan da ya dace, ko ya cike guraben daidai, da yawan kiran da ya yi kafin ya gama. Ni a ganina nan ne aka yi magana mafi nauyi, domin wasu sun nuna cewa kayan aiki biyu masu suna kusan ɗaya, kamar na neman fayil da na neman saƙo, su ne suka fi rikita shi, kuma ba a gane hakan sai an bi rubutun matakan da ya ɗauka.

3. An rabu kan tsawon bayanin. Wasu na son a faɗi komai, har da lokacin da bai kamata a yi amfani da kayan ba. Wasu na cewa dogon bayani yana cinye gurbin rubutun da wakilin ke iya riƙewa a lokaci guda.

4. Kan sa wata na'ura ta yi wa bayanin maki kuwa, mafi yawa sun ce a haɗa da dubawar mutum.