Chapman ɗina yana yin tsululu kafin a sha rabin kofi, ina matsalar take?

Mai Rumfa:
Assalamu alaikum jama'a. Ina da ɗan wurin shaƙatawa a unguwarmu a Kaduna, teburi takwas, ana kallon ƙwallo, ga mai tsire a bakin ƙofa. Ba na sayar da giya, Chapman ne da zoɓo da kunun aya da lemun kwalba. Ƙorafi biyu ne ke damuna. Na farko, ana cewa Chapman ɗin yana tsinkewa da wuri, gas ya gudu, ya koma ruwan sukari. Na biyu, mutane ba sa zama, da sun shanye sai su tashi. Masu sanin harkar, a taimaka min da ma'auni da gyara.

Tsohon Ma'aikacin Otal:
Wa alaikumus salam. Malam, kafin ka taɓa ma'auni, duba sanyin kwalabenka. Idan ka zuba Fanta mai ɗumi a kan ƙanƙara, nan take za ta yi kumfa, gas ya fice, ƙanƙarar kuma ta fara narkewa. Kwalba ta kwana a firij, kofin ma ya yi sanyi in da hali.

Sai yawan ƙanƙara. Masu wuri da yawa suna jefa guda biyu ko uku don tattali, kuma nan ne kuskuren. Ƙanƙara kaɗan ba ta iya sanyaya abin sha sai ta narke gaba ɗaya, ruwanta ya shiga ciki. Idan ta cika kashi biyu cikin uku na kofi, abin yana sanyi da sauri, narkewar ta ragu. Manyan gutsattsari za ka sa, ba dakakkiya ba, kuma ka tsiyaye ruwan da ya taru a kular kafin ka ɗiba.

Ma'aunin kofi mai hannu na rabin lita: grenadine (jan ruwan sukari mai kauri na kwalba) cokalin cin abinci 2, ruwan lemun tsami cokali 1, ruwan lemun zaƙi cokali 2. Waɗannan su fara shiga, ka gauraya, sannan ƙanƙara. Fanta da Sprite su ne na ƙarshe, daidai wa daida. Kwalbar 35cl ta kowanne tana isar kofi uku. Ka karkata kofin ka zuba ta gefe a hankali, ka juya sau ɗaya da dogon cokali daga ƙasa zuwa sama. Yankan kokwamba uku siraru da yankan lemu ɗaya a kai. Kada ka haɗa a jug tun da yamma ka ajiye, kwalbar da aka buɗe ta yi awa guda ba ta da sauran amfani a Chapman.

Hajiya Mai Zoɓo:
Ɗana, abin da aka faɗa maka daidai ne, amma an tsallake abu ɗaya. Chapman na asali ana ɗiga masa Angostura bitters, ɗigo uku ko huɗu, shi ke ba shi ɗan ɗacin nan da ƙamshi. To kwalbar nan da ake yi a Trinidad tana da barasa kashi 44.7 cikin ɗari, a rubuce yake a jikinta. Tunda ka ce wurinka ba giya, ko dai ka bar shi, ko ka gaya wa mai saye ya zaɓa da kansa. Kada a ɓoye wa mutum.

In ka bar shi ba ka maye gurbinsa ba, zaƙi ne zalla zai rage, mai ginsa mutum. Ga abin da za ka yi: zoɓo busasshe kofi 1, ka wanke yashinsa, ruwa kofi 3, kanumfari 6, ɗanyar citta kamar babban yatsa, da ɓawon lemun zaƙi ɗaya. Ɓawon ka fere saman kawai, farin nan na ciki ɗacinsa ba mai daɗi ba ne. Ka tafasa minti 10, ka tace, ka zuba sukari daidai yawan ruwan da ya rage tun yana da zafi. Tukunyar silba ko ta dalma kan ba shi ɗanɗanon ƙarfe saboda tsamin zoɓo, gara ta sitil. A kwalba mai murfi cikin firij zai kai kwana biyar. Da ka ga kumfa a samansa ko ka ji ya yi tsami kamar zai yi bori, zubar.

Kunun aya kuwa ka yi hattara, shi ya fi komai saurin lalacewa. Na yau a sha yau, kuma kada ya bar cikin ƙanƙara in an ɗauke wuta.

Ɗan Barnawa:
Ni batun zaman zan taɓa. Yallaɓai, ka zauna a kowane teburi da ƙarfe takwas na dare ka ji abin da baƙo ke ji. Yawanci abu uku ne ke korar mutane: ƙarar janareta, hayaƙin tsire, da sauro a ƙafa.

Janareta ya koma bayan gini, bakin salansarsa ya juya wa teburan baya, a ɗora shi kan tsohuwar taya don rage girgiza, amma kada a kulle shi a ɗakin da iska ba ta shiga. Mai tsire ya tsaya inda iska za ta ɗauke hayaƙi zuwa titi. Ƙamshi ya iso teburi, hayaƙi kada ya iso. Sauro kuma fanka mai tsaye a saita ta ƙasa-ƙasa ta fi maganin ƙonawa, wanda warinsa ke shiga abin sha.

Farin kwan fitila mai tsananin haske yana mai da wuri kamar kemis. Sa masu launin ruwan ɗorawa a saman tebura, ka bar farin a wurin haɗawa da wurin karɓar kuɗi. Talabijin a gefe guda, a bar teburi biyu ko uku nesa da shi don masu hira. In sai an ɗaga murya kafin na kusa ya ji, sautin ya yi yawa. Bayan gida mai ruwa da buta da fitila, da ɗan wurin sallah mai tabarma, suna sa mutum ya ƙara awa guda da kofi na biyu.

Mai Rumfa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Hajiya, wannan zoɓon zai iya maye grenadine gaba ɗaya? Kuɗinta ya yi yawa yanzu.

Tsohon Ma'aikacin Otal:
Kafin Hajiya ta dawo: zai iya, amma launin zai yi duhu, kuma zoɓo yana da nasa tsamin, don haka ka rage lemun tsami zuwa rabin cokali. Ni na fi son rabi da rabi, cokali ɗaya na kowanne, jan ya fi fitowa. Lemun tsamin a matse shi a ranar, na jiya yana ɗaci. Sannan ka ware soso da bahon wanke kofuna daban da na farantan tsire. Maiƙo ko sauran sabulu a jikin kofi yana kashe gas, kuma hanci na jin ƙarnin tun kafin a kurɓa. Ɗauraya biyu da ruwa mai tsabta, a kife su su bushe da kansu, ban da goge ciki da tsumma.