Ina so in fara ɗora barkwancin kasuwa a TikTok, ku ba ni shawara

Ɗan Tumatir: Salamu alaikum. Ina aiki a hannun wani Alhaji dillalin tumatir a kasuwar Mile 12 da ke Legas. In mun gama sauke kaya da asuba nakan kwaikwayi yadda yake ciniki da matan Yarbawa masu sari, da guntun Yarbancinsa da yadda yake ture hula in an yi masa tayin wulaƙanci. 'Yan dako har hawaye suke yi don dariya, sun dame ni in riƙa ɗauka ina ɗorawa. Kayan ɗauka ina da su. In nemi izininsa tukuna, ko in sauya shiga da murya yadda ba zai gane kansa ba?

Mai Shayi Agege: Wa alaikumus salam. Je ka Computer Village, kasuwar wayoyi da kwamfuta ta Ikeja, ka sayi makirufo mai maƙalawa a riga. Naira 15,000 na sayi nawa.

Na Idi-Araba: An cuce ka, malam. 8,000 ƙanena ya saya.

Mai Shayi Agege: To nasa jabu ne.

Tsohon Maigadi: Yaro, ka saurare ni. Gadi na yi a wani gida a Lekki. Matar gidan ba ta iya faɗin sunana ba, nakan kwaikwaye ta mu yi dariya da direba. Ashe ya ɗauke ni da waya ya tura wa abokansa a WhatsApp, abu ya zaga har hannun ɗanta. Da magariba na tarar da kayana cikin buhu a bakin get, ana ruwa, tabarmata ta jiƙe sharkaf. Albashin watan ban gan shi ba har yau. Direban nan tare muke cin tuwo.

Uwar Abinci Obalende: Allah ya saka maka, Baba. Amma kai ba da saninka aka ɗauka ba. Shi izini yake tambaya.

Tsohon Maigadi: Hajiya, babba zai ce ya yarda, ran da aka yi masa dariya a masallaci ya manta ya ce.

Na Idi-Araba: Gaskiya ne. A 2022 kotu a Kano ta yanke wa samari biyu bulala 20 kowanne, da tara, kan bidiyon shaguɓe ga gwamna.

Ɗan Canji: Gwamna daban, dillali daban. Mu da muka yi zamanin manhajar hira ta 2go, kwana muke a ɗakin hira muna tsokanar iyayen gidanmu, laƙabi kawai ake gani, ba wanda aka kora. Nuna fuska ne ya kawo matsala.

Tsohon Maigadi: Kai da ba ka taɓa zama a ƙarƙashin wani ba, me ka sani game da kora?

Ɗan Canji: Haba Baba, yaron shago na fara.

Mai Shayi Agege: In Alhaji ya kore ka, zo ka taya ni soya ƙwai, ka kwaikwayi masu cin bashina.

Ɗan Tumatir: To izinin fa?

Uwar Abinci Obalende: Ni kuɗin data ma nake tausaya maka. Tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari kan kuɗin kira da data a farkon 2025, bidiyo biyu 'yata za ta kalla a ce ta ƙare.

Na Idi-Araba: Wane layi kike amfani da shi, Hajiya? Mu nan ko sabis ɗin babu sai ka fita bakin titi.