Ɗaurin aure a tsibirin Zanzibar: ta ina za mu fara shirin tafiya daga Zariya?

Yayar ango, Tudun Wada

Assalamu alaikum. Ƙanena, wanda ya yi karatu a ƙasar Tanzaniya, zai auri wata yarinya 'yar Zanzibar, tsibirin da ke ƙasar, kuma iyayenta sun tsayar da ranar ɗaurin aure a garinsu cikin watan Yuli, wato saura wata huɗu ke nan. A dangi kowa ya ce da shi za a je, har da baffanmu wanda shi ne wakilin ango, da gwaggonninmu biyu da shekaru suka ja, waɗanda in ban da aikin Hajji ba su taɓa fita ƙasar waje ba. Ni aka ɗora wa nauyin shirya tafiyar, don haka nake roƙon waɗanda suka san hanya su ba ni shawara a kan abin da ya kamata mu fara yi.

Malami daga Samaru

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya sanya alheri. Kada ku sayi tikitin jirgi ko ɗaya sai biza ta fito, domin Najeriya tana cikin ƙasashen da Tanzaniya ba ta ba 'yan ƙasarsu biza a filin jirgi. Ana cike takardar nema ta intanet, sannan a jira hukumar shige da fice ta can ta yi bincikenta ta amince, kuma su da kansu suna ba da shawarar a nema tun saura aƙalla wata biyu. Wata huɗun da kike gani da yawa, in aka tsaya jiran kowa ya kawo fasfonsa, kafin a ankara ya ƙare. Ki karɓi fasfo ɗin kowa a hannunki cikin wannan makon, ki duba da idonki cewa yana da sauran wata shida ko fiye daga ranar da za ku sauka, sannan ki nemi surukanku su aiko da takardar gayyata mai ɗauke da sunan kowane mutum kamar yadda yake rubuce a fasfonsa.

Sai katin rigakafin cutar shawara, wanda ake neman duk wanda ya fito daga Najeriya ya nuna. Allurar ba ta fara aiki a hukumance sai bayan kwana 10, saboda haka ba abin da za a bari sai ana gobe tafiya ba ne. Haka kuma tun 1 ga Oktoba 2024 gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa baƙi sayen inshorar tafiya tata ta kanta, a kan dala 44 ga babban mutum, ko da kuwa mutum yana da wata inshorar.

Hajiya 'yar kasuwa, Sabon Gari

Duk abin da Malam ya faɗa haka yake. Batun hanya kuwa, ku da kuke Zariya, filin jirgin Malam Aminu Kano ya fi muku kusa da na Abuja, kuma Ethiopian Airlines yana tashi daga Kano zuwa Addis Ababa, inda ake sauya jirgi zuwa filin Abeid Amani Karume da ke Zanzibar. Masu son rage kuɗi su gwada farashin sauka a Darussalam, birni mafi girma a Tanzaniya, daga nan su shiga jirgin ruwa zuwa tsibirin, tafiyar kamar awa biyu ce.

Abin da nake so ki kula da shi sosai, 'yar'uwa, shi ne kaya. Tanzaniya ta haramta ledar ɗaukar kaya tun Yunin 2019, mu kuwa kin san halinmu, turaren wuta a leda, atamfa a leda, takalmi a leda. Ku ɗinka jakunkunan yadi ku zuba komai. Sannan ki tambayi surukan ainihin unguwar da za a yi bikin kafin ki kama masauki. Idan a tsohon garin ne, wanda ake kira Stone Town, lungunansa sun yi ƙunci ƙwarai, mota ba ta shiga yawancinsu, sai dai a sauke ku a bakin titi a tura akwatuna a amalanke, kuma gidajen benaye ne masu dogayen matakala. Saboda gwaggonninku, ki nemi ɗaki a ƙasa, kusa da inda mota take iya tsayawa.

Dattijo daga Kwarbai

Ɗiyata, ban goyi bayan a saka tsofaffi a jirgin ruwa ba. A watan Yuli ruwan saman da ake tafkawa daga Maris zuwa Mayu ya riga ya ɗauke, amma lokacin iskar kudu ne, teku takan yi tambal-tambal, kuma wanda bai saba ba jiri da amai za su galabaitar da shi tun kafin ya ga amarya. Samari su bi ruwa in sun so, manya a kai su ta sama har tsibirin.

Ina kuma ganin ku zauna a matsayin dangi ku rage yawan masu tafiya. Wakili, da shaidu, da mata kaɗan da za su karɓo amarya sun wadatar, kuɗin da ya ragu a yi walima da shi a nan Zariya idan an kawo ta, kowa ya samu halarta. Haka kuma ba za a ɗora wa iyayen yarinya nauyin baƙin da ya fi ƙarfinsu ba.

Mutanen Zanzibar galibinsu Musulmi ne, ba za ku sha wahalar masallaci ko abincin halal ba, sai dai ki sanar da baffanku cewa alƙibla a can arewa take kallo, ba gabas ba, don kada ya shimfiɗa darduma a ɗaki bisa sabo. Agogonsu yana gaban namu da awa biyu, kuma a harshen Suwahili ana fara ƙidayar awa ne daga wayewar gari, ta yadda ƙarfe huɗu a bakinsu ƙarfe goma na safe ne a agogon can, bisa irin namu lissafin. Ango ya tabbatar muku da lokacin ɗaurin auren a rubuce, kuma ku isa da kwana biyu kafin ranar, saboda jinkirin jirgi ko makalewar akwati a Addis Ababa.

Yayar ango, Tudun Wada

Na gode, Baba, na gode Malam da Hajiya, Allah ya saka da alheri. Na yi magana da baffa, ya kira taron dangi ranar Asabar don a tsayar da sunayen masu tafiya, kuma an ce kowa ya zo da fasfonsa. Saura tambaya ɗaya: akwatunan lefe, mu tafi da su a jirgi ne, ko mu bar su a nan har amarya ta tare?