An ba ni Bayokemistiri maimakon likitanci: in karɓa ko in sake rubuta JAMB?

Mai Neman Shawara:
Assalamu alaikum. Na nemi gurbin karatun likitanci a wata jami'ar tarayya da ke Arewa maso Yamma, na samu maki 251 a JAMB, na kuma zauna jarrabawar tantancewa ta jami'ar, amma da sunaye suka fito sai na tarar an ba ni Bayokemistiri. Ina da kiredit a Turanci da Lissafi da Bayoloji da Kemistiri a WAEC, Fiziks kuwa a NECO na same shi. Kawuna yana ganin in karɓa, wai idan na yi ƙoƙari a aji ɗaya za a mayar da ni likitanci, mahaifiyata kuma ta ce in zauna in sake shiri. Har yanzu ban taɓa komai a CAPS ba, wato shafin JAMB da ake karɓar gurbi ko a ƙi shi. Don Allah waɗanda suka san harkar su ba ni shawara.

Malamin Kemistiri:
Wa'alaikumus salam, 'yata. Kafin ki zaɓi maganar kawu ko ta mahaifiya, ki fara gano inda aka kayar da ke, domin ina zargin ba makin JAMB kaɗai ba ne. Jami'o'i da yawa ba sa karɓar haɗin sakamako biyu a likitanci. Suna so kiredit biyar ɗin nan su fito a zama ɗaya, kuma idan jami'arki tana cikinsu, ko maki 300 kika samu za a ajiye takardarki gefe. Ki duba kundin kwasa-kwasai na JAMB ki ga sharaɗin da ta gindaya. Idan haka ne, ki yi rajistar jarrabawar 'yan waje ta WAEC ko NECO, wato ta masu rubutawa ba ta hannun makaranta ba, ki rubuta dukkan darussan biyar, sannan idan sakamako ya fito ki je cibiyar da JAMB ta amince da ita a ɗora miki shi, ki kuma buɗe shafinki da kanki ki tabbatar ya hau.

Game da JAMB ɗin kanta, kada ki tsaya ga jimillar maki, ki duba abin da kika samu a kowane darasi. Tambayoyi 180 ne cikin awa biyu, 60 na Turanci, 40 kuma ga kowane ɗaya daga sauran ukun, wato kusan daƙiƙa 40 ke nan ga kowace tambaya. A cikin ɗaliban da na koyar, Fiziks da Turanci ne suka fi cinye musu maki, kuma sau da yawa ba rashin sani ba ne: yaro zai tsaya yana fafatawa da lissafi guda har minti uku su wuce, ya ƙare yana danna amsoshi da ka. Saboda haka ki riƙa gwada tsofaffin tambayoyi a kan kwamfuta, agogo yana gabanki, ki kuma zauna jarrabawar gwaji da JAMB take shiryawa.

Likita daga Zariya:
Ƙanwata, bayanin Malam ya wadatar ta fuskar karatu, ni zan yi magana ne a kan zaɓen jami'a. Hukumar kula da likitoci da likitocin haƙori, wato MDCN, ita ke ƙayyade wa kowace kwalejin likitanci yawan ɗaliban da za ta ɗauka, shi ya sa jami'a ba ta da ikon buɗe ƙofa yadda take yi a sauran kwasa-kwasan kimiyya. Bayan haka jami'o'in tarayya suna raba gurabe ne kashi 45 cikin ɗari bisa cancanta, kashi 35 ga jihohin da ke yankin jami'ar, kashi 20 kuma ga jihohin da aka bari a baya a ilmin boko. Makin da bai isa a Zariya ko Kano ko Sakkwato ba, inda masu nema suka yi cincirindo, yana iya isa a wani wurin da jiharki take cikin yankinsa. Ki bincika Jami'ar Tarayya ta Dutse, da ta kimiyyar lafiya da aka kafa a Azare a 2021, da jami'ar jiharku idan tana koyar da likitanci, amma ki tabbatar da matsayin kowace a jerin MDCN, kuma wadda kika tsayar ki sa ta a zaɓin farko.

Maganar kawunki kuwa, da girmamawa, ba abin dogaro ba ce. Sauya kwas zuwa likitanci bayan aji ɗaya abu ne da ba kasafai ake samu ba, tun da guraben a ƙirge suke.

Tsohuwar Ɗalibar Fisiyoloji:
Ni ban goyi bayan a saki reshe a kama ganye ba, musamman ga 'ya mace, wadda idan ta zauna gida shekara guda surutun dangi kaɗai ya isa ya raba ta da littafi. Na kammala digirin Fisiyoloji, na shiga likitanci kai-tsaye a aji biyu, sai dai ban ɓoye miki ba hanya ce mai tsawo, domin shekara huɗu ce a can, biyar a nan, kuma galibi ana neman sakamako mai daraja ta biyu babba ko sama da haka. Idan hakan ya yi miki nisa, akwai IJMB, jarrabawar share fagen shiga jami'a da Jami'ar Ahmadu Bello take kula da ita, wadda ake yi cikin kusan shekara guda a nemi aji biyu da ita, ko da yake guraben masu shiga kai-tsaye ba su da yawa. Wasu kuma suna karɓar kwas ɗin da aka ba su, su sake rubuta JAMB suna aji ɗaya. Idan wannan kika zaɓa, kada ki ɓoye wa hukumar JAMB cewa kina da gurbi, kuma ki sani ba a riƙe gurabe biyu a lokaci guda. Idan wani ya kawo shawarar fita waje, ku tuna ɗaliban da yaƙin Sudan ya katse wa karatu a Afrilun 2023, ku kuma tuna cewa wanda ya karanto likitanci a waje sai ya ci jarrabawar MDCN kafin ya fara aiki a Nijeriya.

Mai Neman Shawara:
Allah ya saka muku da alheri. Malam, na duba kundin, zama ɗaya jami'ar take nema, kuma 49 na samu a Fiziks. Zan yi rajistar jarrabawar 'yan waje in sha Allahu. Yaya, saura tambaya ɗaya: da kina aji ɗaya a Fisiyoloji, kina ganin karatun ya bar miki lokacin da mutum zai iya shirya wa JAMB da kyau?