Newgrange da Trim a rana ɗaya ba tare da mota ba, zai yiwu?

Jama'a, a taimaka min da shawara. Kwana uku suka rage min a Dublin, babban birnin ƙasar Ireland. Na yanki tikitin ƙarfe 11 na shiga Newgrange, kabarin nan da ya haura shekara 5,000, har ya girmi dalar Giza. Ba a shigarsa sai ta cibiyar baƙi ta Brú na Bóinne. Da yamma kuma ina son in ga tsohuwar fadar dutse ta Trim, a bakin kogin Boyne. Na gwada tuƙi a hagu ranar Litinin: siririyar hanya, shinge dama da hagu, ga tarakta ta nufo ni. Tafin hannuna ya jiƙe sharkaf, na mayar da motar hayar. Akwai bas daga Drogheda, garin da ke kusa da Newgrange, zuwa Trim, ko dole sai na koma Dublin?