Motar gazuwal ta okaziyo da miliyan biyu da rabi, wace za ni ɗauka?

Mushen Keita:

Salamu alaikum ƴan uwa, da fatan an tashi lahiya. Ni malamin lakkol ne, iyalina na nan Tawa ni kuma aiki ya kai ni wani ƙauye bayan Keita, duk Juma'a da marece in taho gida Lahadi in koma, shekara shida ke nan bisa moto har bayana ya fara yi mini gardama. Bana Allah ya sa na ɗauki adashe, na haɗa da kuɗɗin moton da na saida da ɗan abin da ke ajje, duka ya kama miliyan biyu da jikka ɗari biyar. Wallahi ba ni da ko dala bayan wannan, kar wani ya ce in ƙara kaɗan in sayi Hilux.

Gazuwal nike so don ina jin ana cewa ba ta shan mai kuma injinta ya fi daɗewa, ga shi sau biyu ko ukku a shekara mukan tahi Yamai gaida tsohuwa, kusan kilomita 550 ne zuwa kawai. Dillali ya gwada mini ukku nan Tawa, Mercedes 190D tsohuwa amma jikinta tsab, Peugeot 406 HDi ta 2002, da Golf 4 TDI. Sai kuma ƙanen matata da ke Yamai ya aiko mini hoton wata 307 1.6 HDi a WhatsApp, ita kam kamar yau aka hiddo ta daga leda, ga kilim, kuma ita ta fi su arha, uwargida ta riga ta ce ita take so. Ni ban san komi ga mota ba ban da tuƙi. Wace za ni ɗauka wadda ba za ta cinye mini albashi ba?

Mai Garaji:

Wa alaikumus salam Mushe. Shekarata ashirin da wani abu ina kwance injin gazuwal, bari in hwaɗa maka gaskiya ko da uwargida za ta yi hushi da ni. Waccan 307 ka manta da ita, ba banza ba ta hi su arha. Injin 1.6 HDi ciwonshi guda ne kuma mun san shi, jwan na anjektar (abin da ke hwesa gazuwal cikin inji) shi kan saki, baƙin toka ya gauraye da baƙin mai ya yi kauri ya toshe ƴar rariyar da ke cikin bututun da ke kai ma turbo mai, turbo ya mutu, ka sa sabo in ba a wanke injin duka ba shi ma ya bi ɗan uwanshi. Ga kuma FAP, matatar hayaƙi ta cikin salansa, tana da nata ruwa na musamman, ran da ta toshe mota ta koma kamar jaki mai ciwo sai an nemo mai baliz, wato kwamfutar gano ciwon mota, ya karanta ta.

Abin da nike so ka gane, motocin gazuwal gida biyu ne. Akwai tsohin masu pompi mekanik, irin 190D da Peugeot masu injin 1.9 D, su 405 da 306 da Partner na hwarko, da Corolla 2.0 D. Akwai kuma na baya, su HDi da D-4D da dCi, da kwamfuta ke ba su mai. Waɗanga na baya pompinsu na tura gazuwal da ƙarhin da ya wuce bar 1,300, ramin bakin anjektar kuwa kamar silin gashi, to gaya mini in ruwa ko ƙurar hunturu ta shiga mi za ya hwaru? Kai kuma ƙauye kake, wata rana dole ka sha na kwalba ko na tano. Tsohon pompi shi kan haɗiye ya yi tari ya wuce, HDi kuwa nan za ta zamna, anjektar guda ba kuɗɗin wasa ba ne ga su huɗu.

Cikin ukkun da anka gwada maka ni 190D nike ɗauka. Dokinta 72 ne ko 75, ba ta gudu, in kun kai hawan duwatsun Keita sai ka yi haƙuri ka sauko ma giya, amma sarƙa gare ta cikin inji ba kurwa (bel na roba) ba, pompinta Bosch na layi ne da baƙin man injin ke yi ma shahi, kuma ba garajin da za ka shiga tsakanin nan da Yamai a ce ba a san ta ba. Aibinta tsuhwa, a 1993 anka daina ƙera ta, ke nan ƙaramarsu ma ta wuce shekara 30. 406 HDi 2.0 ba laihi, ta hi 1.6 nesa ba kusa ba, in dai ga stasiyo kaɗai za ka sha mai kuma kana canza filtar gazuwal kan kari. Golf 4 kuma ka tambaya wace ce, mai doki 90 ko 110 muna iya mata, mai 115 ko 130 kowane anjektar da nashi ɗan pompi kuma tana son nata baƙin mai daban, a zuba mata na kasuwa ta cinye arbarakam, sandar da ke buɗe subaf.

Ko wace za ka gani kar ka yarda a kawo maka ita da zahi. Ka tahi inda ta kwana da asuba ka taɓa injin da hannunka ka ji sanyi sannan a tada. Baƙin hayaƙi kaɗan in an taka ba komi. Shuɗi, tana cin baƙin mai. Hwari da bai ɗaukewa bayan ta ɗumama, ko anjektar ko ruwa na shiga. Ka kwance murfin baƙin mai tana aiki ka aza shi bisa ramin, in rawa yake kaɗan to, in ta hure shi ya tashi segiman, wato zobban piston, sun ƙare. Murfin radiyatar ka buɗe shi tun tana sanyi ka ga ko ruwan na kumhwa, in yana yi jwan kilas ne, wato jwan na kan inji, ya lalace.

Ɗan Yamai 227:

Maigida mai garaji ya gama magana kan inji, ni ban da ta cewa a nan. Amma Mushe kai ne mai koyar da kalkil, zo mu yi lissafi, don maganar nan ta gazuwal ba ta shan mai ta Faransa ce inda aka daɗe gazuwal ya fi esans arha, nan Nijar abin a juye yake. A da kusan kai ɗaya suke, 538F da 540F, sai a watan Agustan 2022 aka ɗaga gazuwal zuwa 668F, a Yulin 2024 aka rage ya dawo 618F, esans kuma ya sauko 499F. Mu ce motarka ta gazuwal na shan lita 6 a kilomita 100, 3,708F ke nan. Mu ce Corolla ta esans na shan lita 8, 3,992F. Tsakaninsu 284F. In kana yin kilomita 1,000 a wata ka tsira da 2,840F, a shekara jikka 34 da ƴan canji. Batirin gazuwal ya fi girma ya fi tsada, bidanji ya fi cin mai, ran da aka ce a kai pompi wurin mai gyara ribar shekara nawa ta tafi?

Dubi taksin Yamai masu jan kai, Starlet ne da Corolla, su da suke wuni bisa hanya tun safe har dare ba sakarkaru ba ne, piyes ɗinsu ko a Katako ka yi tuntuɓe za ka faɗa kansu. Ni da kuɗinka Corolla esans zan nema in kwanta in yi barci. Ra'ayina ne fa.

Hajiya Maman Biyu:

Mushe ni mace ce ban san anjektar ba amma na san abin da ya same mu, shi ya sa na kasa yin shiru. Shekaran bara maigidana ya sayi irin waɗannan masu ƙyalli a wani fak a Yamai, kuɗin da ke hannunshi duka ya zuba har na asirans sai da ya ranta, muka ɗauko hanya da yara ana ta murna da kilim, kafin mu kai Dogon Dutsi wata fitila ta kama, mota ta ƙi wuce gudun amalanke, ƙarshenta janyo ta aka yi mu kuma muka hau bas. Wata huɗu tana ajiye ƙofar gida awaki na kwana ƙarƙashinta, ba don gyaran ya gagara ba sai don ba ko sisi.

To don Allah kar ka sayi motar miliyan biyu da rabi. Ka sayi ta miliyan biyu, ka ɓoye jikka ɗari biyar inda ko uwargida ba ta sani ba, Allah ya ba ta haƙuri. Taya, batir, bidanji, asirans, binyat, canza kart giriz zuwa sunanka, duk suna nan suna jiranka. Kuma ka sa a karanta lambar shasi a jikin mota a gwada da ta takarda harafi harafi, ka ga takardar duwan da idonka, kar ka yarda da za a kawo gobe. Tun da aka rufe iyakar Gaya a 2023 motoci ba su zuwa ta Kwatano kamar da, sai an zagayo daga Lome ta Burkina, sababbin shigowa sun yi tsada, don haka wadda ka ga sabuwar shigowa ce kuma ta fi kowa arha ka tambayi kanka dalili. Gara wadda ke da lambar Nijar a hannun mutumin da aka san gidanshi.

Direban Abalak:

Ɗan Yamai lissahinka daidai ne bisa takarda amma kai bisa gudro kake yawo. Ka ɗora buhun hatsi ukku da mutum biyar ka shiga rairayi ka ga ko Corolla za ta tsaya ga lita 8. Kuma ka manta da watan Maris na 2025 da anka yi wahalar esans, ƴan moto da ƴan taksi na kwana layi, ni da gazuwal ban sha rabin wahalarsu ba. Esans na Ƙwanni mai arha da munka saba da shi ma ai ya zama labari tun da Najeriya ta cire tallahi a 2023.

Ni inda na saɓa da maigida mai garaji, Allah shi ja da ranshi, hanyar ƙauye ce. 190D da baya take ja, cikin rairayi tana saurin tonawa ta zamna. Golf 4 kuwa kwanon baƙin manta alminiyom ne kuma yana ƙasa ƙwarai, dutsi guda ya hwasa shi mai ya tsiyaye kai ba ka sani ba. Da ni ne Partner ko Berlingo 1.9 D za ni nema, ta hi su tsawo daga ƙasa, tana ɗaukar kaya, ba kyau gare ta ba amma ba aure za ka kai ta ba. Ka tsaya bayanta daga nesa ka dubi tayun baya, in kawunansu sun karkata ciki kamar ƙahwar mai gwame to aksal na baya ya ci, ka rage kuɗɗin gyaranshi cikin ciniki. Ranar da ka saye ta ranar za ka canza kurwar distribisiyo da pompin ruwa ko mai ita ya rantse jiya ya sa, don in ta tsinke bisa hanya subaf da piston ke gamuwa. Sannan allurar zahi, injin ga ba ya yahe zahi ko sau guda, watan Afrilu da Mayu kuwa ka san yadda Tawa take, ka tabbata bantilatar na tashi.

Mushen Keita:

Na gode ƙwarai jama'a, Allah shi saka da alheri, Hajiya Allah shi maida abin da anka rasa. Partner na tambaya ba a samu ba yanzu nan Tawa. Yau bayan sallar asuba na tahi gidan mai 190D ɗin ba tare da na gaya ma dillali ba, wani tsohon ma'aikaci ne da ya yi ritaya, na taɓa inji sanyi ƙalau, bugu guda ta tashi, murfin mai rawa kawai ya yi, ruwa ba kumfa, lambar shasi ta yi daidai da takarda. Abu biyu ne sunka tada mini hankali. Da ya kashe kontak ya zare makulli mota ta ci gaba da aiki abinta, sai da ya buɗe gaba ya danna wani abu sannan ta mutu. Kuma kontar kilomita ba ta motsi sam, ya ce ta daɗe haka. Ya tsaya ga miliyan biyu da jikka ɗari. Maigida wannan babban ciwo ne ko in shiga ciniki? Uwargida dai tun jiya ba ta ce mini komi ba, hoton 307 ɗin ta sa a fuskar wayarta.

Mai Garaji:

Hahaha Mushe ba aljanu ba ne. Mercedes na wancan zamani da iska ake kashe su, akwai wani siririn tiyo da ke tahowa daga makulli zuwa pompi, in ya tsage ko ya kuɓuce sai ta ƙi mutuwa, abin da ya danna ɗan hannun STOP ne da ke jikin pompi. Yawanci gyaran bai kai kuɗɗin cehwane ba. Amma ka koma ka taka birki tana aiki, in ya yi tauri kamar dutsi to pompin iskar ne da kanshi ya gaji, don shi ke taimakon birki, wannan kam sai a rage maka. Kontar wani ɗan haƙorin roba ne ke karyewa ciki, ciwon gidansu ne duka.

Ka roƙi tsohon ya bari a kawo ta garaji ran Asabar a hau da ita bisa rami, a dubi tsatsa ƙarƙashin batir da inda ake sa jak, da robar kardan, da ko bwat na zubda mai. In ƙasan ya yi kyau ka taya miliyan guda da ɗari takwas ka yi shiru, kar ka tahi da dillali kuma kar ka tahi da uwargida.