Idan Halitta Ta Mutu, Ikonta Yana Binta Kabari?

Auwal: Salamu alaikum 'yan'uwa. Ku raba mu gardama. Jiya muna buga wasan katin Magic: The Gathering da abokina, ya sauke katin wata halitta mai suna Ravenous Chupacabra, wadda idan ta shigo fili take hallaka halitta ɗaya ta abokin karawa. Ya nuna babbar halittata. Nan take na harba wa Chupacabra katin Lightning Bolt, ɓarna 3 a kan mai ƙarfin jiki 2, ta mutu. Ya ce duk da haka tawa ma sai ta tafi makabarta. Ni ban yarda ba. Wadda ta mutu ta yaya za ta yi kisa?

Malam Sani: Wa alaikumus salam. Ƙanena, abokinka ne da gaskiya. Da zarar Chupacabra ta taka fili, ikonta ya tashi ya hau tari, wato inda sihiri da iko ke jira kafin su yi aiki, kuma daga wannan lokacin ya rabu da katin da ya haife shi. Ka kashe maharbi, amma kibiya ta riga ta bar baka.

Auwal: To ai shi ke nan, da na kashe ta kafin ikon ya tashi.

Malam Sani: Babu wannan tazarar. Tsakanin shigowarta da hawan ikon kan tari ba a ba kowa damar yin komai. Lokacin da damar amsawa ta zo hannunka, ikon yana can yana jira. Ka ɗauki tarin kamar lodin buhuna a mota: wanda aka ɗora ƙarshe shi ake fara saukewa. Bolt ɗinka ne a sama, ya sauka, ya yi aikinsa. Sai aka zo kan buhun da ke ƙasa, kuma babu abin da ya taɓa shi.

Sadiya: Yaya Auwal, inda ka rasa damar tun baya ne. Lokacin da Chupacabra take sihiri a kan tari, ba ta zama halitta ba tukuna, katin Counterspell, mai soke sihiri, zai hana ta shigowa gaba ɗaya. Bayan ta shigo kuma, ko dai Stifle, wanda ke soke ikon kansa, ko ka janye taka halittar zuwa hannu da Unsummon. Idan ikon ya sauko bai tarar da wadda aka nuna ba, ya tashi a banza, ba zai koma kan wata ba.

Bashir: Mu 'yan wasan katin Yu-Gi-Oh! mun sha wannan rigimar da Mystical Space Typhoon, katin da ke lalata katin sihiri ko na tarko. Sababbin 'yan wasa suna ɗora shi a kan Raigeki, katin da ke hallaka duk dodannin abokin karawa, suna zaton sun tsira. Ya lalata katin, amma aikin katin yana nan, dodanninsu duk su tafi. Lalatawa daban, sokewa daban. Sai dai ina ɗan goyon bayan Auwal a wuri ɗaya: idan tarko ne mai zama a fili kamar Call of the Haunted, mai dawo da dodo daga makabarta, ka lalata shi a cikin sarƙa, wato irin tarinmu, babu dodon da zai dawo. Ke nan tunaninsa ba shirme ba ne.

Auwal: Yauwa! Kuma su kansu masu Magic sun ga abin bai kwanta ba. A 2009 sun cire ɓarnar faɗa daga tari, saboda mutane suna ɗora ɓarnar faɗan halittar Mogg Fanatic a kan tari sannan su sadaukar da shi don ikonsa ya ƙara wata ɓarna, su ci riba biyu. Me ya sa ba su yi haka da sauran iko ba?

Malam Sani: Ɓarnar faɗa kaɗai suka taɓa, kuma da dalili. Ka duba katunan da ikonsu ke tashi idan sun mutu. Idan doka ta ce iko yana bin mai shi kabari, waɗannan katunan ba za su taɓa yin aiki ba. Mogg Fanatic ɗin da ka ambata ma, sai ka sadaukar da shi kafin ɓarnarsa 1 ta hau tari. Kafin bugu na shida na katunan Magic ya kawo tari a 1999, dokokin lokaci sun fi haka ruɗani nesa ba kusa ba. Ni da na koyar da yara da yawa wasan nan, na fi son doka ɗaya da kowa zai iya riƙewa.

Sadiya: Kuma Bashir, kada a haɗa su. A wajenku idan sarƙa ta fara warwarewa ba mai sa baki har ta ƙare. A Magic kuwa duk abin da ya sauka, ana sake ba kowa dama kafin na ƙasa ya biyo. Bayan Bolt ya sauka, Yaya Auwal yana da sauran damar ceton halittarsa in da yana da katin.

Bashir: Wannan gaskiya ne, na karɓa.

Auwal: Na yarda haka dokar take, zan kira shi in ba shi haƙuri don na ɗaga murya. Amma har yanzu ina ganin ikon shigowa ya yi arha da yawa: ka biya mana 4, wato kuɗin sauke kati a wasan, ka kashe min halitta, kuma ko na rama na yi asarar kati biyu kai ɗaya. Malam, in mun haɗu Asabar ka zo da Stifle ɗinka, ina so in ga yadda ake soke shi a kan tebur.